Alcide d'Orbigny (1802-1857): Masanin da ya Jera Zamunan Duwatsu da Ɓawon Halittun Teku

Gabatarwa

A wurin da ake fasa dutse domin yin siminti a Ashaka ta jihar Gombe, ma'aikata kan ci karo da wani irin dutse mai siffar ƙahon rago a nannaɗe. Wannan dutse ɓawo ne na wata dabbar teku da masana ke kira amonayit, wadda ta rayu ta mutu tun kafin a sami ɗan Adam a bayan ƙasa. Idan aka tambayi masanin duwatsu zamanin wannan ɓawo, zai ce na ƙarshen Senomaniyan ne ko na farkon Turoniyan. Idan kuma aka kai shi Abakaliki ta jihar Ebonyi aka nuna masa baƙin dutsen wurin, zai ce akasarinsa na Albiyan ne. Waɗannan sunaye uku mutum ɗaya ne ya raɗa su, wani Bafaranshe da bai taɓa taka ƙasar Nijeriya ba, mai suna Alcide d'Orbigny, wanda ake furta sunansa Alsid Dorbinyi.

A cikin wannan maƙala zan kawo tarihin rayuwarsa da ayyukan da ya bari. Dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne, bayanin da ya fi alfahari da shi game da tarihin duniya ya rushe jim kaɗan bayan rasuwarsa, amma abin da ya tattara da hannunsa, ya zana, ya jera daki-daki, har yau ana cin moriyarsa. A ganina akwai darasi a nan ga duk ɗalibin da ke shirin gudanar da bincike, ko da kuwa fanninsa harshe ne ko adabi.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Dorbinyi a ranar 6 ga watan Satumba na shekarar 1802 a garin Couëron, kusa da birnin Nantes a yammacin Faransa. Mahaifinsa, Charles-Marie d'Orbigny, likita ne da ya yi aiki a jiragen ruwa, kuma mutum ne mai sha'awar nazarin halittu. Daga baya iyalin suka koma yankin La Rochelle, wani gari mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Tekun Atalantika. A nan ne mahaifin ya riƙa ɗaukar 'ya'yansa zuwa bakin teku suna tsintar katantanwa da ɓawon halittu iri-iri, yana koya musu yadda ake duba abu da kyau da yadda ake zana shi a takarda ba tare da ƙari ko ragi ba. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alsid ya zama masanin halittu, ƙanensa Charles shi ma ya shahara a nazarin tsirrai da duwatsu.

Abin da ya fi jan hankalin Alsid tun yana saurayi shi ne yashi. Idan aka ɗebi yashin bakin teku aka sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, za a ga cewa wasu ƙwayoyin ba tsakuwa ba ne, ɓawo ne na wasu ƙananan halittu. Yawancinsu ba su kai girman ƙwayar gero ba, amma kowane ɓawo yana da ɗakuna a ciki, an jera su cikin tsari mai ban sha'awa. Kasancewar La Rochelle matattarar jirage ce, ya sami damar karɓar yashi daga matuƙan da suka dawo daga tekuna masu nisa. Haka ya shafe shekaru yana tsince waɗannan ɓawo ɗaya bayan ɗaya, yana zana su.

Aikinsa na Farko a Kan Foraminifera

Da yake waɗannan halittu sun yi ƙanƙantar da ba kowa ke iya ganinsu ba, sai Dorbinyi ya yi dabara. Tun daga shekarar 1823 ya fara ƙera siffofinsu da filasta, ya ƙara musu girma yadda mutum zai riƙe a tafin hannu ya jujjuya. Ya yi siffofi 100, aka riƙa sayar da su ga masana da gidajen adana kayan tarihi a Turai. Wannan ya sa sunansa ya isa birnin Faris tun yana ɗan shekara 21. A shekarar 1824 ya koma can, inda ya saurari darussan manyan malamai irin su Georges Cuvier, wanda a lokacin babu kamarsa a fannin nazarin jikin dabbobi.

A shekarar 1826 ya wallafa sakamakon bincikensa, inda ya kasa waɗannan halittu gida-gida bisa yadda ɗakunan ɓawonsu suka jeru, ya lissafa nau'i sama da 500. Shi ne ya sa musu suna foraminifera, daga kalmomin Latin masu nufin mai ɗauke da huda, saboda ƙananan kafofin da ke haɗa ɗaki da ɗaki. Sai dai ya yi kuskure babba a wuri ɗaya. Ganin ɓawonsu na da ɗakuna kamar na amonayit, sai ya ɗauka danginsu ne, wato ya sa su cikin rukunin dabbobin teku masu kai da idanu da hannuwa da yawa kewaye da baki. A shekarar 1835 wani masani mai suna Félix Dujardin ya duba rayayyunsu, ya nuna cewa ba su da kai ko wata gaɓa, halittu ne mafi sauƙin jiki, waɗanda a yau aka san ƙwayar halitta ɗaya tal ce ke gare su. Dorbinyi ya karɓi gyara, ya fitar da su daga wancan rukuni a rubuce-rubucensa na baya. Sunan da ya ba su kuwa shi ake amfani da shi har gobe, kuma ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kafa fannin nazarin burbushin ƙananan halittu.

Tafiyarsa Zuwa Kudancin Amurka

A cikin wannan shekara ta 1826 Gidan Adana Tarihin Halittu na Faris ya zaɓe shi ya tafi Kudancin Amurka domin tattaro samfurin dabbobi da tsirrai da duwatsu. Ya tashi daga tashar Brest yana ɗan shekara 23, bai sake ganin gida ba sai a farkon 1834. Ya bi ta Burazil da Yurugwai, ya shiga Ajantina ya hau kogin Parana har yankin Corrientes, sannan a 1829 ya gangara Patagoniya ya zauna watanni. Daga nan ya zagaya ta Chile da Peru ya shiga Boliviya a 1830, inda shugaban ƙasar, Andrés de Santa Cruz, ya tallafa masa. Ya shafe kimanin shekara uku a wannan ƙasa, daga kan tsaunukan Andes masu tsananin sanyi zuwa dazuzzukan Chiquitos da Moxos masu zafi da sauro.

Ya koma Faransa da samfuri sama da 10,000, ga kuma tulin zane-zane da rubuce-rubuce a kan mutanen da ya zauna da su, al'adunsu da harsunansu. Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Faris ta ba shi lambar zinare. Rubuta sakamakon tafiyar ya ɗauke shi daga 1835 zuwa 1847, a wani babban littafi mai mujalladai da yawa da ake kira Voyage dans l'Amérique méridionale, wato tafiya a Kudancin Amurka. Charles Darwin na Ingila, wanda ya isa yankin a 1832 cikin jirgin Beagle, ya tarar Bafaranshen ya riga shi zuwa wurare da dama. Ƙaramar jiminar Patagoniya da a yau ake jingina wa sunan Darwin, Dorbinyi ne ya fara ba ta suna na kimiyya a 1834. Darwin ya yaba da littafin ƙwarai, ko da yake sun saɓa a kan asalin ƙasar filayen Pampas ta Ajantina. Dorbinyi na ganin wata babbar ambaliya ce ta jibge ta a lokaci ɗaya, shi kuwa Darwin na ganin laka ce da ta taru sannu a hankali a bakin kogi. Wannan saɓani alama ce ta abin da zai biyo baya.

Manyan Littattafansa a Kan Burbushin Halittu

Tun bai gama da littafin tafiyarsa ba, a shekarar 1840 ya ɗauko wani aikin da ya fi shi nauyi. Ya ƙudura niyyar bayyana dukkan dabbobin teku marasa ƙashin baya da aka sami burbushinsu a duwatsun Faransa, wato amonayit da katantanwa da masu ɓawo biyu irin makankari da sauran danginsu. Littafin, mai suna Paléontologie française, ya riƙa fitowa kashi-kashi. Ya fara da duwatsun zamanin Kiretashos, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin alli, sannan ya shiga na zamanin Jurasik da ya gabace shi. Ya zagaya lardunan ƙasar yana shiga ramukan fasa dutse, kuma likitoci da malaman makaranta da limaman coci masu sha'awar tsintar duwatsu suka riƙa aiko masa da abin da suka samu. Kafin rasuwarsa ya bayyana nau'i kusan 3,000, tare da zane-zane masu kyan gaske, amma bai kammala aikin ba. Wasu masana ne suka ci gaba da shi bayansa.

A shekarar 1846 ya koma kan abokansa na ƙuruciya, ya wallafa littafi a kan foraminifera da ke cikin duwatsun yankin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Daga 1849 zuwa 1852 ya fitar da littafin koyarwa a kan burbushin halittu da jerin duwatsu. A tsakanin 1850 da 1852 kuma ya fitar da Prodrome, mujalladi uku, inda ya jera nau'in halittu kimanin 18,000, kowanne a ƙarƙashin zamanin duwatsun da aka same shi. Mai karatu ya tuna cewa duk wannan da alƙalami da tawada aka yi shi, babu kwamfuta, babu na'urar ɗaukar hoto da za ta hutar da mai zane.

Hawa-hawan Duwatsu

Domin a gane muhimmancin wannan jeri, ya kamata a san yadda duwatsun ƙarƙashin teku ke samuwa. Laka da yashi da ɓawon matattun halittu suna kwantawa a ƙasan ruwa, shimfiɗa a kan shimfiɗa, har su daskare su zama dutse. Matuƙar ba a birkita su ba, shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama. Matsalar ita ce, kamannin dutse ba ya nuna zamaninsa. Farin dutsen siminti na iya samuwa a zamuna daban-daban, kuma a lokaci guda yashi na iya taruwa a wani wuri yayin da laka ke taruwa a wani. Tun kafin Dorbinyi, wani Bature ɗan Ingila mai suna William Smith, wanda ya fitar da taswirar duwatsun ƙasarsa a 1815, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da ake gane ta da su.

Abin da Dorbinyi ya ƙara shi ne, ya ɗauki wannan lura ya mayar da ita tsari na duniya baki ɗaya. Ya ce a daina sa wa zamani sunan irin dutsen da aka gani, domin wannan kan canza daga gari zuwa gari. A maimakon haka a dubi tarin halittun da suka rayu tare. Ya kasa duwatsu masu ɗauke da burbushin halittu zuwa kashi 27, kowane kashi ya kira shi da kalmar Faransanci mai nufin hawan bene. Ke nan tarihin ƙasa tamkar dogon bene ne, kowane hawa da mazaunansa. Ya kuma raɗa wa hawa-hawan sunayen wuraren da aka fi ganin duwatsunsu a sarari. Aptiyan daga garin Apt yake, Albiyan daga kogin Aube, Senomaniyan daga tsohon sunan birnin Le Mans a Latin, Turoniyan daga yankin birnin Tours. A zamanin Jurasik kuwa akwai Sinemuriyan daga Semur, da Towarsiyan daga Thouars, da Bajosiyan daga Bayeux, da Kalobiyan daga ƙauyen Kellaways na Ingila. Dukkan waɗannan takwas suna nan cikin jadawalin zamunan ƙasa da masanan duniya suka amince da shi.

Ya kamata in bayyana cewa tsarinsa na nuna wanda ya riga wani ne kawai, bai ba da adadin shekaru ba. Sai a ƙarni na 20, da aka gano hanyar auna shekarun dutse ta wasu sinadarai da ke sauyawa a ƙayyadadden lokaci, aka iya cewa Albiyan ya fara kimanin shekara miliyan 113 da suka wuce, Senomaniyan ya biyo shi daga wajen miliyan 100, Turoniyan kuma daga wajen miliyan 94.

Ra'ayin da Bai Ɗore Ba

Me ya sa halittun wani hawa suka bambanta da na hawan da ke samansa? A nan ne Dorbinyi ya bi sawun malaminsa Cuvier, har ma ya wuce shi. Ya yi imani cewa a ƙarshen kowane hawa wani babban bala'i ne ke aukuwa, ƙasa ta motsa, teku ya yi ambaliya, dukkan mai rai ya halaka, sannan a sake sabuwar halitta gaba ɗaya. A lissafinsa hakan ya faru sau 27. Saboda riƙo da wannan ra'ayi, idan ya ga ɓawo iri ɗaya a hawa biyu, sau da yawa yakan ba su suna daban-daban, domin a wurinsa ba zai yiwu nau'i ɗaya ya tsallake bala'i ba.

Tun yana raye masana da dama suka ƙi yarda. Sun nuna cewa akwai nau'o'in da ake samu a ƙasa da saman iyakar da ya shata. Wani matashi Bajamushe mai suna Albert Oppel ya bi duwatsun Jurasik na Jamus da Faransa da Ingila shimfiɗa bayan shimfiɗa, kuma tsakanin 1856 da 1858 ya raba su zuwa ƙananan kashi 33 bisa ga amonayit, ba tare da ya dogara da wani bala'i ba. A 1859 kuma littafin Darwin a kan asalin nau'o'in halittu ya fito, hankalin masana ya koma kan sauyi na sannu a hankali. Daga nan babu wanda ya sake kare batun halaka 27. Duk da haka ba a ce bai ga komai ba. Masana a yau sun tabbatar da manyan halaka guda biyar a tarihin ƙasa, ta ƙarshensu ita ce wadda ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, ta shafe amonayit tare da manyan dabbobin nan da ake kira dainaso. Amma ko ɗaya daga cikinsu ba ta ƙarar da masu rai kakaf ba.

Adawa da Rasuwarsa

Duk da yawan ayyukansa, Dorbinyi bai sha da daɗi ba a hannun takwarorinsa. Ya nemi shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa sau da yawa, kowane karo ana kayar da shi. Masana dabbobi na ganin ya shigo musu gona, masana duwatsu kuma na yi wa sababbin sunayensa dariya. A shekarar 1853 gwamnatin Napoleon na Uku ta ƙirƙiro kujerar farfesa ta nazarin burbushin halittu a Gidan Adana Tarihin Halittu, ta ba shi, ba da son sauran farfesoshin gidan ba. Shi ne ya fara hawa wannan kujera, amma shekara huɗu kawai ya yi a kanta. Ya rasu a ranar 30 ga watan Yuni na 1857 a Pierrefitte, kusa da Faris, yana da shekara 54. A shekarar da ta biyo baya gidan ya sayi tarin burbushin da ya bari, kuma yana nan a ajiye masana na zuwa dubawa. A Boliviya ba a manta da shi ba, domin gidan adana tarihin halittu na birnin Cochabamba da wata makaranta a La Paz suna ɗauke da sunansa.

Amfanin Aikinsa a Ƙasarmu

Yanzu sai mu koma kan ƙahon ragon nan na Ashaka. A zamanin Albiyan, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, teku ya kutso ta kudu ya shiga kwarin Binuwai. A ƙarshen Senomaniyan da farkon Turoniyan ruwan ya ƙara hawa, har ya haɗu da wani tekun da ya gangaro daga arewa ta inda Sahara take a yau. An san haka ne domin ana samun dangin amonayit iri ɗaya a kwarin Gongola da Damargu ta Jamhuriyar Nijar da arewacin Afirka. Masana irin su Richard Reyment, wanda ya wallafa bincike a kan amonayit na kudancin Nijeriya a 1955, da ma'aunin Dorbinyi suka yi aiki wajen jera duwatsunmu da kwatanta su da na sauran duniya.

Haka nan foraminifera sun zama abin dogaro a harkar man fetur. Na'urar haƙa rijiyar mai tana niƙe babban ɓawo, amma waɗannan ƙanana sukan fito lafiya cikin ɓarɓashin dutse. Da su ake gane zamanin shimfiɗar da aka kai, da zurfin ruwan da ta kwanta a ciki. Tun daga shekarun 1920 kamfanonin mai a Amurka suka fara amfani da wannan hanya, kuma ita aka bi a rijiyoyin yankin Neja Dalta, inda aka sami mai a Oloibiri a 1956.

Kammalawa

Masana na baya sun gyara iyakokin hawa-hawan Dorbinyi, sun ƙara wasu, sun ajiye wasu. Misali, wurin da aka amince a matsayin ma'aunin farkon Turoniyan a yau yana kusa da garin Pueblo na jihar Kolorado ta Amurka, nesa da Tours. Sun sami damar yin wannan gyara ne domin ya bar musu abin da za su duba: ga ɓawon a ajiye, ga zanensa, ga sunan wurin da aka tsinto shi. Da a ce ra'ayi kawai ya bari, da ya tafi tare da halaka 27 ɗinsa.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan'uwana ɗalibai mu riƙe. Idan muka fita tattara karin magana ko tatsuniya ko karin harshen wani yanki domin kundin kammala digiri, mukan ƙosa mu kai babin nazari, mu ɗora ra'in wani masani a kai. Ra'i kuwa yana da zamaninsa, wani na zuwa ya ture wani. Abin da zai amfani na baya shi ne mu rubuta abin da muka ji daidai yadda aka faɗe shi, mu nuna garin da muka ji shi da ranar da muka ji shi, mu adana kaset ko takardar yadda wani zai iya dubawa ya gyara mu.